Wake a Tukunyar Hoyt

Shekara arba'in da ɗaya ina auren Hoyt Tidwell, ban taɓa zuba wake a cikin cili ba sai ranar Lahadin nan. Kuma ina sane na zuba. A Texas aka haife ni, ba sai wani ya zo ya karanta min cewa cili nama ne da barkono ba, kuma duk wanda ya sa masa wake ko dai baƙo ne ko marar tarbiyya. Uwar Hoyt ta taɓa mayar wa matar fasto tukunya guda har ƙofar gida don ta hango wake a ciki. Shi kansa Hoyt sau uku yana cin gasar girkin cili da 'yan kwana-kwanan garinmu ke shiryawa. Kofunan suna nan jere a falo, ni ce mai goge musu ƙura.

To amma a watan Yuni zuciyar Hoyt ta tsaya. Kwana tara muka yi a asibiti a Abilene. Likitar da ta buɗe masa jijiyoyi, yarinya ce da ba ta kai 'yarmu shekaru ba, ta zaunar da mu ta yi mana dalla-dalla. Jan nama sai ɗan kaɗan, kitse babu, gishiri babu, ya koma cin wake da ganye. Ta ce in zuciyar ta sake tsayawa ba lallai ta tashi ba. Hoyt ya ce, "To, ranki ya daɗe," har da cire hula. Ni kuma sakarya na ɗauka ya ji.

Wata huɗu ina dafa kaza ba fata, ina gasa kifin da ni ma ba sonsa nake ba. Naman alade na safe da nake ci tun ina yarinya na daina saye, don kada ƙamshinsa ya dame shi. Yana zama ya cinye abin da na ba shi ba gardama. Har faɗa wa matan coci nake yi cewa ciwo ya gyara min miji.

Sai sanyi ya fara shigowa. A gidan Tidwell, Lahadin farko da aka ji sanyi dole a ɗora cili, ƙaninsa Burl ya zo su zauna kallon ƙwallo. Haka ubansu ya yi, haka su ma suke yi. Na zauna na yi tunani, na ga hana shi gaba ɗaya mugunta ce. Sai na ce bari in raba gardama: laba ɗaya ta nama maimakon huɗu, sauran wake ya cike.

Tun yammacin Asabar na jiƙa waken, na tura kwanon bayan injin wanki kamar mai ɓoye kayan sata. Da muka dawo daga coci na cire takalmi na ɗaura gyauton girki. Busasshen barkono manya guda shida na fasa, na kaɗe 'ya'yan, na gasa su a kasko har suka fara kumbura, na jiƙa a ruwan zafi na markaɗa da tafarnuwa. Naman na zauna na bi shi da wuƙa, duk wani farin abu na yanke na jefa wa kare. Na yanka shi ƙanana, na soya da mai cokali ɗaya tak a baƙar tukunyar ƙarfen nan tasa, na zuba albasa, na zuba markaɗen, na rage wuta. Sai da naman ya yi laushi na juye waken, na kaɗa garin masara kaɗan don ya yi kauri. Allah ya sani ya yi kyau. Gidan gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshi.

Ƙamshin ne ya taso Hoyt daga falo. Ya shigo yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin asibiti. Ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya tsaya. Ya sa ludayi ya ɗebo, ya kawo kusa da ido.

Ya ce, "Earline, mene ne wannan?"

"Cili."

"A'a. Wannan abin da ke yawo a ciki."

"Ka san wake, Hoyt. Ba yau ka fara ganinsa ba."

"A tukunyata?"

"A tukunyar da nake wankewa shekara arba'in, e."

Ya mayar da murfin a hankali kamar mai rufe fuskar gawa. Ya ce da ma ruwan zafi na dafa masa da ya fi masa mutunci. Wai mahaifiyarsa tana can tana juyi a kabari. Na ce ta juya da kyau, ta matsa masa wuri, tunda sauri yake ya je ya same ta. Daidai lokacin a-kori-kurar Burl ta tsaya a ƙofar gida.

Burl shekararsa sittin da huɗu, mata biyu sun gwada zama da shi sun gudu, kuma har yau yana ganin laifinsu ne. Ya turo ƙofar kicin da ƙafa, hannuwansa riƙe da tukunya an naɗe ta da tawul.

"Matar yaya, ina za a ajiye wannan? Na ce bari in zo da na gaske, don na san yanzu gidan nan abincin zomo ake ci."

Ya dire ta a kan teburina, ya buɗe. Jan mai ne kwance a sama, kaurinsa ya kai ɗan yatsa. Sannan ya je ya buɗe tawa, ba wanda ya ce masa, ya leƙa. Ya ƙyalƙyale da dariya har yana dafa bango.

"Yaya, ashe abin ya kai haka? Wake? Gobe kuma sai ta saya maka siket." Ya share hawaye. "Rabu da ita, zo ka zauna. Irin na ranar Talata ne, sai dai wannan karon na ƙara kitse."

Na ajiye wuƙar da nake yanka burodin masara.

"Wace Talata?"

Burl ya dubi Hoyt. Hoyt ya dubi kare.

"Na ce wace Talata, Burl?"

"Haba, matar yaya, ɗan kwano ɗaya ne fa. Mutum ya wuni yana gyaran shinge, ai sai ya sa wani abu a ciki."

Duk Talata da Juma'a Hoyt yana tafiya gonar Burl, wai suna gyara shingen shanu, wai likita ta ce motsa jiki yana da kyau. Ni ce ma nake naɗa masa kazar nan a takarda in miƙa masa ta tagar mota. Na tambayi Burl ina kazar take zuwa. Ya ce karnukansa suna gaishe ni.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Ba ihu na yi ba. Kunnuwana ne suka ɗauki zafi, na ji da zan iya ɗaga tukunyar nan da na kife ta a kan su biyun. Wata huɗu kenan ina kwana da kunne ɗaya a buɗe ina sauraren numfashin mutumin nan. In ya daɗe a banɗaki sai na je na ƙwanƙwasa. Ashe shi da ɗan'uwansa suna can gindin bishiya suna shan kitse suna yi min dariya.

Na ce, "Ku zauna."

Suka zauna. Na ɗauko kwano biyu. Ɗaya na cika shi da na Burl, na bi sama na kwaso man da kyau, na barbaɗa cuku, na ajiye gaban Hoyt. Ɗayan na zuba nawa na ajiye kusa da shi. Cokali ɗaya na sa a tsakani.

"Ci wanda kake so. Amma yau a gabana za ka ci. Na gaji da ana kashe min miji a bayan idona."

Hoyt ya ce, "Earline, kin fiye ɗaukar abu da zafi."

"Ban zo kanka ba tukuna. Burl, tashi."

"In je ina?"

"Nan. Gaban firij. Durƙusa."

Ya yi 'yar dariya yana neman Hoyt ya taya shi. Na ce ya durƙusa ko kuma ya ɗauki tukunyarsa ya fita, kuma kada ya sake tako min gida har ranar jana'iza. Da ya ga fuskata ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Na fizgo matashin kujera na jefa gabansa.

"Nan yayanka ya faɗi. Kansa wajen ƙafar firij, ƙafafunsa wajen ƙofa. Tunda kai ke ciyar da shi, kai za ka yi wannan aikin nan gaba, don haka gara ka koya. Matashin nan ƙirjinsa ne. Ɗora hannu ɗaya kan ɗaya. Miƙe gwiwar hannu. Danna."

"Matar yaya..."

"Danna, na ce. Da ƙarfi. Ba shafa kyanwa kake ba. Sauri. Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

Ya fara dannawa ina ƙirga masa. Kafin mu kai sittin fuskarsa ta yi ja, gumi yana ɗiga daga hancinsa. Ya tsaya yana haki.

"Wa ya ce ka tsaya? In ka tsaya ya mutu. Minti ɗaya ma ba ka yi ba. Ni minti goma sha huɗu na yi kafin motar asibiti ta iso, waya tana ƙasa, matar da ke layin gaggawa tana ce min kar in daina dannawa. Fuskarsa ta koma shuɗiya, Burl. Ya yi fitsari a wando, ina durƙushe a ciki. A minti na uku na ji ƙashi ya karye a ƙarƙashin hannuna, na ce mata na karya shi, ta ce ci gaba. Na ci gaba, wani ya sake karyewa. Kai kana ina? Ka zo asibiti washegari da balan-balan."

Burl bai ɗago kai ba. Hannuwansa suna nan kan matashin.

Hoyt ya kai hannu gefen ƙirjinsa na hagu. A hankali ya ce, "Na ɗauka ma'aikatan motar asibiti ne suka karya min haƙarƙari."

"Ni ce. Guda biyu. Ban faɗa maka ba don kada ka ji kunya. To yanzu ka sani. Kuma ka sani ba zan sake ba. Hannuna ba zai iya ba, zuciyata ma ba za ta iya ba. Ina tsoro, Hoyt, kullum cikin tsoro nake, kai kuma abin da ya dame ka wake."

Mai sharhin ƙwallo yana ta surutu shi kaɗai a falo. Burl ya dafa firij ya miƙe da ƙyar. Ya je ya rufe tukunyarsa, ya mayar mata da tawul, ya tsaya riƙe da ita bai san inda zai nufa ba.

Hoyt ya daɗe yana kallon kwanukan. Sannan ya sa bayan hannu ya ture na Burl gefe, ya jawo nawa. Ya ɗebo cokali guda, wake uku a ciki, na ƙirga. Ya kai baki ya tauna yana yamutsa fuska. Ya haɗiye, ya sake ɗebowa. Har na ja kujera zan zauna.

Sai ya ɗago ya dubi ƙaninsa.

"Burl, wannan maganar ta tsaya a ɗakin nan. Kada in ji ta a gari."

Burl ya ce, "Haba yaya, ni da wa?"

Kun ji fa. Bayan duk abin da na faɗa, tsoronsa kada tsofaffin banzan da suke shan kofi tare a gidan mai su ji Hoyt Tidwell ya ci wake. Kuma na san su sarai. Muddin ba su sani ba, ranar Talata wani zai tura masa kwano ya ce ɗan kaɗan ba ya kisa, shi kuma ba zai iya cewa a'a a gaban maza ba.

Na fasa zaman. Na je jikin bango na ɗauki waya na kira Mavis Culpepper, mai gyaran gashi, wadda in ta ji magana da rana kafin yamma har makabarta an ji.

"Mavis, Earline ce. Kina da abin rubutu? To ba sai kin rubuta ba. Hoyt yana zaune a kicin yanzu haka yana cin cili da wake. E, wake. Ni na dafa, a tukunyarsa. Ki faɗa wa kowa, ki fara da gidan mai. Ki ce musu likita ta ce nama zai kashe shi, kuma duk wanda ya sake miƙa masa kwano, ni Earline zan kawo masa gawar har gida ya san yadda zai yi da ita."

A bayana na ji cokalin ya tsaya. Ban juya ba. Mavis tana ta cewa, "Earline? Kina ji na? Earline?" Na riƙe wayar da hannu biyu, ina kallon bango har sai da na ji cokalin ya sake taɓa kwano.