Baho na Uku

Uzairu na tsugune gaban baho na uku yana tsince matattun kifaye, sai ya ji mota ta tsaya a bakin ruwa. Ya yi maza ya tura su ƙarƙashin tabarma.

Shekara biyu ke nan masuntan Tiga su goma sha huɗu suna kama ƙananan kifayen ado, irin waɗanda ake zubawa a akwatin gilashi a ƙasashen waje. Bana kamfanin da ke saye ya ce ba zai karɓi ko ɗaya ba sai da takardar shaidar cewa da raga aka kama su, ba da guba ba. Uzairu ne shugaban ƙungiyar, yau kuma ranar dubawa.

Jami'ar da aka turo, Malama Rufaida, ta gaisa da kowa. Ta leƙa baho na farko da na biyu, ta gyaɗa kai. A na uku ta daɗe. Kifayen na iyo a karkace, suna tasowa sama suna haki.

"Waɗannan sun sha maganin ƙwari," in ji ta. "Wa ya kawo su?"

Can gindin ɗorawa Baffa Maikano, ƙanen mahaifin Uzairu, yana ɗinkin raga bai ɗago ba. Shi ya koya wa Uzairu kamun kifi, amma tun bara hannunsa ke rawa, ba ya iya jefa raga.

Rufaida ta juya ga Uzairu. "Shugaba, kai nake saurare. In mutum ɗaya ne, zan cire sunansa na shekara guda, sauran su samu takarda. In kun rufe, dukanku kun rasa."

Idanu suka dawo kan Uzairu.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

Ta dube shi, ta dubi gindin ɗorawar, ta sake dubansa.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ta soke sunansa, ta buga hatimi.

Da motar ta tashi, Uzairu ya je ya durƙusa gaban tsohon.

"Baffa, a ba ni kwalbar maganin."

Maikano ya daɗe yana laluben aljihu kafin ya miƙa masa, idonsa a ƙasa.

"Me ya kai ka, Uzairu? Kai mai iyali?"

"Sunanka na cikin takarda, ni kuma hannuna lafiya lau. Gobe ka riƙe kwalekwale, ni zan jefa raga."