Amawalin Agali

Shekara da shekaru Agali ke ƙirƙirar waƙa, Bibi ke rerawa. Duk Agadas an haddace waƙoƙin, amma ba wanda ya damu da sanin mai su. Shi dai nasa ya raɓe bayan lasifika da jitarsa, amawali ya rufe masa baki har karan hanci, kuma hakan ya fi masa kwanciyar hankali.

Ranar bikin 'yar Wanagoda, bayan la'asar, an shimfiɗa tabarmi, an ta da janareta, sai labari ya iso: Bibi ya bi motar masu haƙar zinariya zuwa Jado tun asuba. Ko sallama babu.

"To, malam mai waƙa," in ji Kilili mai ganga, "yau kai ne Bibi."

"Ka haukace? Dubi wanda ke zaune a gaba."

Tsoho Ekawel ne, surukin Agali, ya harɗe a kan dardumarsa. Tun da Agali ya auri 'yarsa Tekna, bisa al'ada ko ruwa bai taɓa kurɓa a gaban tsohon ba, balle ya bari ya ga bakinsa. A sanin Ekawel ma, gyaran lasifika ne sana'ar yaron. Kuma kowa na tune da mijin yayar Tekna, wanda ya yi dariya baki buɗe a gabansa. Kafin sati ya zagayo tsohon ya sa ta naɗe tantinta ta dawo gida.

Agali na son Tekna, son da ko a waƙa bai gama faɗa ba.

Mata suka fara tafi, suna kiran waƙa. Ba yadda ya iya, ya matsa gaban makirfo. Yatsunsa suka kama kiɗan, ya soma rerawa ta cikin amawali. Abin da ya fito, Allah ya kiyaye.

"Wa ke kuka cikin tulu?" wata tsohuwa ta yi ihu. Aka fashe da dariya.

"Sauke ƙyallen nan, ɗan'uwa," Kilili ya raɗa masa, "ko su kore mu da takalma."

Agali ya dubi sashen mata. Tekna ta sunkuyar da kai, ta damƙe gefen mayafinta. Ya kai hannu ga amawalin, ya ja shi ƙasan haɓa. Iska ta taɓa leɓunansa, ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. Ya rufe ido ya saki murya, wata murya mai kaushi da shi kansa bai san yana da ita ba. Dariyar ta ɗauke.

Da ya buɗe ido, Ekawel na tsaye.

Ganga ta mutu a hannun Kilili. Tsohon ya sunkuya a hankali ya ɗauki dardumarsa, ya kakkaɓe ta. Shi ke nan, in ji Agali a ransa, Tekna ta tafi.

Ekawel ya sake shimfiɗa dardumar, ya zauna, ya ba Agali baya.

"Wanagoda," ya ce da mai biki, "gaya wa mai waƙar can, ko wane ne shi, ya ɗaga murya. Kunnena ya tsufa."