Tafi Biyu na Gero

Tsohuwar ta manna kunnenta a kwiɓin dokin, ta rufe ido kamar mai sauraren gulma ta bayan katanga. Nomau, mai dokin, yana tsaye riƙe da ragama. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana sauka ramin haƙar yuraniyam na Akokan, nan gefen Arlit, amma bai taɓa jin tsoro irin na wannan hantsin ba.

Da aka rufe ramin, wasu abokan aikinsa suka sayi babur suna kabu-kabu, wasu suka nufi Tchibarakaten neman zinariya. Shi kuwa gogan naka sai ya sa aka kawo masa baƙin doki daga Tahoua, irin wanda mahaifinsa ya taɓa hawa. Mutanen Arlit suka sha dariya, wai garin da akuya ke cin kwali wa zai kiwata doki? Nomau ya rantse sai ya ba su kunya. Yadda kamfani ya ciyar da shi haka ya ciyar da dokin: daro guda na gero da safe, daro guda da yamma, tsakani kuwa ko tsinke babu. Jiya har ƙari ya yi masa, don yau Juma'a yana son ya hau shi zuwa masallaci.

Da gari ya waye sai ya tarar da shi sharkaf da gumi, yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana neman zubewa ya yi birgima. Likitan dabbobi ya tafi Agadez. Matarsa Sa'a ce ta ce a kira Dassin, wata tsohuwa mutuniyar Abzin mai sayar da ciyawa da harawa a bakin kasuwa. Shekara biyu Nomau yana wuce ta bai taɓa sayen ko dami ɗaya ba, don a ganinsa ciyawa abincin dokin matsiyaci ce.

Dassin ta ɗago kai.

"Shiru," ta ce da Hausarta ta mutanen dutse. "Cikin doki mai lafiya, kullum shi yana magana. Wannan ya yi shiru."

Nomau ya ce to a ɗura masa wani abu ya amayar. Ta dube shi da tausayi, ta ce doki ba ya amai. Abin da ya shige masa ciki gaba kawai yake yi, in bai sami hanya ba ya kashe shi. Ta karɓi ragamar, ta ce a kwashe duk abinci, a kawo ruwa mai ɗumi ko zai kurɓa, sannan ta fara jan dabbar a hankali a inuwar katanga.

Tana tafe tana bayani, Nomau na biye da ita kamar ɗan rakiya. Ta ce raƙumi da saniya suna cika tumbi su kwanta su yi tuƙa, amma Allah bai yi doki haka ba. Duk girman nan nasa, tumbinsa bai kai tulu ba. Babban aikin a can baya yake, a uwar hanji, inda ciyawa ke jiƙa ta narke sannu a hankali. An halicce shi ne ya wuni kansa a ƙasa yana tsinka kaɗan-kaɗan. In aka bar shi da yunwa sannan aka jibga masa hatsi, hatsin ya wuce tumbi bai narke ba, ya je baya ya yi tsami, ya kumbura. A gidan mahaifinta ta koya, lokacin da dawakin Abzin ba su yi ƙaranci ba.

Da aka kira salla ta kori mai dokin masallaci. Nomau ya tafi a ƙasa cikin farar rigarsa, ya dawo yana haki, ya iske tsohuwar nan mai shekara saba'in tana nan tana zagaye, ko zama ba ta yi ba. Kunya ta kama shi, ya kuma ji girmanta ya cika masa ido.

Bayan la'asar ta sake kara kunne, sai ta yafito shi. Nomau ya sunkuya ya saurara. Can ciki ya ji ƙugi, ƙululu, kamar ruwa na neman hanya a famfo. Ba a jima ba dokin ya ɗaga wutsiya ya saki iska, kashi ya biyo baya. Dassin ta ɗauki dunƙule ɗaya ta murtsuke a tafin hannu, ta nuna masa. Ƙwayoyin gero ne fal, ko fashewa ba su yi ba.

Ta ce kwana uku ciyawa da ruwa kawai. Bayan nan harawa kada ta yanke a gabansa, gero kuwa tafi biyu a ci ɗaya, in ya yi aiki.

"Tahi biyu?" in ji Nomau. "Ai sai mutane su ce Nomau ya tsiyace, ya kasa ciyad da dokinai."

"Mutanen nan, in ya mutu, su za su taya ka jan gawa?"

Nomau ya dubi dokin, ya shafa wuyansa.

Rana ta huɗu ya auna tafi biyu cif ya zuba a daro. Dokin ya lashe, ya ɗago kai ya dube shi, ya yi ƙaramar haniniya. Buhun yana nan buɗe kusa da ƙafarsa, hannunsa har ya kai bakin buhun. Nomau ya daɗe a sunkuye. Sannan ya ɗaure buhun tamau, ya kinkime shi ya kai ɗakin Sa'a, ya ce ko ya roƙe ta kada ta ba shi.