Aino Tana Jira a Gama Magana

Fermín ya dawo daga rabon tukwanen gas, kafaɗarsa duk ta yi tsami, ya tarar da mahaifiyarsa Doña Encarna zaune a kicin da takarda a hannu, albasa tana ƙonewa a kasko.

"Karanta mini. Tabarauna ya ɓace."

Tabarau yana nan a goshinta. Ya dai karɓa ya karanta. Malama Begoña ce ta rubuto, wadda ke raba wa gidajen garin Cádiz ɗaliban da ke zuwa jami'a daga ƙasashen waje koyon Sifaniyanci. Ta ce ɗalibarsu Aino, 'yar Finlan, ta yi mako shida ba a ji bakinta ba. A gidan rediyon da aka tura ta sanin makamar aiki ma an yi ƙorafi. Ga alama dai ba a yi mata Sifaniyanci a gida. Ranar Lahadi za ta zo cin abincin rana ta gane wa idonta. In haka ne, za ta sauya wa yarinyar gida, ta cire sunan Doña Encarna daga masu karɓar ɗalibai.

"Ba a magana a gidan nan?" in ji Fermín. "A gidan NAN?"

Uwar ba ta yi dariya ba. Shekara goma sha tara ke nan tana karɓar ɗalibai, tun rasuwar babansa, domin ba ta iya cin abinci ga kujera ba kowa a gabanta.

"Kai ne," ta ce. "Kai kake yi mata ɗan guntun Turancin nan naka na bakin teku."

"Ni da ko sannu ba na samun wurin cewa?"

Washegari da rana ya ci karo da Aino a matakala, yana ɗauke da tukunyar gas ta maƙwabta a kafaɗa. Haushi ya sa ya tare hanya.

"Ke wai me muka yi miki? Abincin ne? Ko harshen ne ya gagare ki?"

Ta tsaya tana kallonsa. Har ya buɗe baki zai ƙara, sai nauyin tukunyar ya sa ya dakata ya gyara ta. A wannan ɗan tsakanin Aino ta yi magana, da Sifaniyanci tsaf, wanda ya fi nasa tsabta nesa ba kusa ba. Ta ce abincin yana da daɗi, Doña Encarna kuma tana tuna mata da kakarta.

Saura kaɗan tukunyar ta faɗo masa a ƙafa.

"Kin iya haka, kika bar mu muna yi miki nuni da hannu kamar kurma?"

"Jira nake ku gama."

"Mu gama me?"

"Magana. In mutum ya gama, sai a ɗan yi shiru, sai na gaba ya ɗauka."

"Baiwar Allah, Gwaggo Puri ta fara magana tun kafin a haife ni! Nan ba a ba ka wuri, kutsawa ake yi. In ba ki katse mutum ba, ɗauka zai yi ba kya sauraro."

"A wurinmu rashin kunya ne."

"A rediyon ma jira kike?"

"Su shida ne a ofishin, kuma ba sa gamawa," ta ce a hankali.

Kwana uku yana koya mata. Yakan fara surutu a kan ƙwallo, ya ce ta shigo masa a tsakiya. Sai ta ɗaga ɗan yatsa kamar 'yar firamare. Ya ce ta sauke yatsan nan. Ta sauke, ta ja numfashi, ta jira. Da ya ga ba ci gaba, ya koma kan mutanen gida. Ya roƙi uwarsa da Gwaggo Puri, ƙanwar babansa da ba ta fashin abincin Lahadi, cewa in an yi wa Aino tambaya su ƙirga biyar a zuci kafin su ce uffan.

"Biyar? Makoki ake?" in ji Gwaggo Puri.

Lahadi ƙarfe biyu da rabi aka zauna. Ga soyayyen kifi, ga dankali da man zaitun. Malama Begoña ta ajiye takardarta kusa da faranti, ta juya.

"Aino, yaya aikin rediyo?"

Fermín ya zare wa gwaggonsa ido. Ɗaya. Biyu. Ya ga leɓen Aino ya fara motsi.

"Lafiya lau, tana jin daɗinsa!" Gwaggo Puri ta fashe. "Kunya ce da ita, Begoña, irin ta mutanen ƙanƙara. Ci kifi, 'yata, kin rame."

"Gwaggo!"

"Me na yi? Na ƙirga! Kai da ka gudu daga makaranta za ka koya mini ƙirge?"

Sau uku ana haka. Na ukun uwarsa ce da kanta ta amsa, domin ta ga yarinyar ta yi ja, tausayi ya kama ta. Fermín ya dafe kai. Ji yake kamar ya fita ya hau motar gas ya yi ta tafiya har birnin Sevilla.

Malama Begoña ta goge baki, ta jawo takardar.

"Doña Encarna, kin san ina ganin girmanki. Amma abin da na gani yau, ba a barin yarinyar nan ta yi numfashi. Saboda haka daga gobe za mu..."

Doña Encarna ta miƙe, ta fara tattara farantan da ba a gama ci ba.

"A'a!"

Kowa ya juya. Aino ce, fuskarta ja wur.

"Ban gama ba, Aino," in ji Malama Begoña.

"Na sani, ki yi haƙuri, ba zan jira ba. Ba inda za ni. Duk abin da na iya na gaske a teburin nan na koya. Na san sunan kowane kifi a kasuwa, na san wanda ya yi wa Gwaggo Puri laifi a bikin 'yarta..."

"Surukata ce, munafuka, ta zo da..."

"Gwaggo, NI nake magana!" in ji Aino.

Gwaggo Puri ta buga tebur don murna. "Kun ji ko? Ta zama tamu!" Ba ta kuma yi shiru ba. Aino ta ɗaga murya ta hau kan tata. Doña Encarna ta dire farantan ta shigo, tana rantsuwa cewa ita tun ranar farko ta san yarinyar nan da baki. Malama Begoña ta ce "To, amma" sau biyu, ba wanda ya ji. Ta ninke takardar ta cusa a jaka, ta jawo farantin kifi, ta fara ba da labarin tata surukar.

"Wani ya miƙo mini burodi," in ji Fermín.

Mata huɗu suna magana lokaci guda. Ya sake faɗa da ƙarfi. Aino ce ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba, alamar ya dakata.

Ya tashi ya zagaya teburin ya ɗauko da kansa.