Guɗar Umm Ashraf

A duk unguwarsu a Damanhur ta ƙasar Masar babu mai guɗa kamar Sabriyya, wadda kowa ke kira Umm Ashraf. In ta kafa hannu a saman leɓe ta rangaɗa, har masu kifi a bakin kasuwa sun san an yi aure ko an haihu. Ta yi wa 'ya'yan mutane guɗa ba adadi, sai ga shi da aka sa ranar autarta Najwa, muryar ta ƙi.

A hankali abin ya zo mata. Sanyi take ji ana tsakiyar zafi, barci ba ya isar ta, jiki ya yi nauyi, fuska ta kumbura, gashi yana bin mataji. Murya ta dushe ta yi kauri, har wata rana ƙanwarta Sakina ta bugo waya, ta zaci mijin ne, ta ce, "Hajji, ba ni Yaya mana," alhali ita ce ta ɗauka. Sakina ta sha dariya. Umm Ashraf kuwa abin ya ci mata rai ƙwarai.

Likita Mirfat ta taɓa mata gaban wuya, ta sa aka gwada jini. "Ya Hajja, akwai wata 'yar tsoka a nan da ke zuba wani sinadari cikin jini. Shi ke hura wutar jiki, daga ɗumi da kuzari har murya. Taki ta yi kasala. Ga ƙwaya, ɗaya kullum da safe, kafin ki ci komai."

Mijinta, Hajji Mitwalli, shi ya ɗauki ragamar maganin. Mutum ne mai son matarsa, kuma mai ganin babu abin da bai sani ba. Kullum da safe sai ya kawo mata shayi da madarar ɓauna mai kauri, ga wake da gurasa, ga ƙwayar a gefen faranti.

"Cewa fa aka yi kafin abinci, ya Hajji."

"Magani a cikin da babu komai? So kike ya huda miki hanji? Uwata ko ganyen na'ana'a ba ta sha sai ta karya. Haɗiye, Allah ya ba ki lafiya."

Ita ma daɗin hidimar take ji, sai ta kora da shayin. Watanni suka wuce, biki yana matsowa, murya tana nan jiya i yau. Ta kan rufe kanta a banɗaki ta gwada guɗar, abin da ke fitowa sai ka ce ƙofa mai tsatsa. Sakina ta ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, ni zan yi wa Najwa." Maganar nan ta fi ciwon zafi.

Da suka koma asibiti, likitar ta dubi sabon gwajin ta ɗaure fuska. "A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata tsokar, ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ke aika wa ta wuya umarni ta cikin jini. In sinadarin ya wadata, sai ta yi shiru. Taki har yanzu ihu take yi. Kina shan maganin kuwa?"

"Ko rana ɗaya ba ta tsallake ba," in ji Hajji yana gyara zama. "Da hannuna nake ba ta, da madara mai kyau."

Likitar ta ajiye biro. "Ya Hajji, madarar ce ke riƙe ƙwayar a hanji, ba ta barin ta shiga jini sosai. Ruwa kaɗai. Shayin ya jira kamar awa guda."

Hajji ya kwashi takardun gwajin suka koma gida. Washegari ya shigo da kofin ruwa da ƙwayar, ya zauna kusa da ita bai ɗora ko buta ba.

"Kai sha naka mana, wa ya hana ka?"

"Shekara nawa muna sha tare? Na jira."

Haka suka riƙa zama a baranda kowace safiya, ciki na kuka, suna gulmar masu wucewa. Sanyin ya fara sakin ta, fuska ta saɓe, ta koma yi wa kowa faɗa kamar da, abin da ya faranta ran gidan duka.

Ranar kai kayan amarya, da hantsi, motoci suka jeru a layi ɗauke da katifu da tukwane da firiji, ana ta hon. A baranda Sakina ta buɗe baki za ta yi guɗa ke nan, Umm Ashraf ta dafe mata kafaɗa. Ta kafa hannu a leɓe, ta saki. Da farko ta ɗan karce, sannan ta miƙe siririya, ta haye rufin gidaje, tantabaru suka tashi. Najwa ta rungume ta tana kuka.

Daga ƙasa Hajji Mitwalli ya dafa maƙwabcinsa, ido jawur, yana nuna baranda. "Ka ji ko? Ruwa kaɗai, ya Ustaz. Da hannuna nake ba ta."