Ranar da Buhu Ya Gama Makaranta

Auta na cikin ɗaura wa Buhu hular kammala karatu abin ya sake jan ta. Zit! Can cikin kai, bayan idanu, kamar an jona mata wayar wuta an zare. Ta dafa ƙarfen gadon jarirai, ta tsaya tana jiran ɗakin ya koma inda yake.

Buhu bai san ana yi ba. Ya kama igiyar hular ya cusa a baki. Ko shekara bai cika ba, haƙoran ma sai an leƙa ake ganinsu, amma yau zai karɓi satifiket. Yana da suna na gaskiya, mai tsawo, irin wanda masu hali ke zaɓowa daga littafi. Masu raino ne suka laƙaba masa Buhu, saboda duk wadda ta ɗauke shi da safe sai ta nemi man zafi da yamma.

"Ke, lafiya?" in ji Rediyo, abokiyar aikinta, tana fama da rigunan wasu 'yan biyu. "Kin yi zuru kamar wadda aka kawo wa sammaci."

"Jiri ne. Ban karya ba."

"Jiya jiri, shekaranjiya jiri. Da kina da miji da na ce mu fara saƙa safa."

Gidan raino ne, 'yan ɗakuna a saman bene, ƙasa kuma tsakar gida da aka shimfiɗa wa ciyawar roba. Amma wanda ya ce masa gidan raino a gaban mai wurin ya ja wa kansa wa'azi. Sunansa Cibiyar Gina Shugabannin Gobe. Mai wurin matar Yayan Auta ce. A gida Anti ce, da ta tako ƙofar cibiya ta koma Darakta. A nan yaro ba ya kuka, ra'ayinsa yake bayyanawa. Ba ya barci, nazari yake yi. Su Auta kuma jami'an haɓaka basira ne, duk da yawancin basirar da suke gani a cikin famfas take zuwa.

Auta ta share zufar goshinta da bayan hannu. Ta san abin da ke damunta, ba karin kumallo ba ne.

Shekarun baya, da Inna ta rasu, Auta ta kwanta ta juya wa bango fuska. Ba ci, ba wanka, ba magana. Yaya ne ya ɗauke ta cak ya kai ta asibiti, likita ta ce ciwon damuwa ne, ta rubuta mata 'yar ƙwaya fara. Ƙwayar ce ta tashe ta zaune, ta kai ta ga wanka, ta kai ta ga wannan aikin. Bana likita ta ce lokaci ya yi da za su fara ragewa, amma sannu a hankali: rabi na wasu watanni, sai kwata, sai su ga yadda jiki ya ce. Auta tana kan rabi, tana yanka ƙwayar da reza a kan murfin kofi, ranar da Darakta ta buɗe jakarta neman caja ta ci karo da kwalin.

Darakta ta karanta sunan maganin a waya, ta karanta abin da yake yi, ta rufe ƙofar ofis.

"Har yanzu kina shan wannan? Na zaci an gama tun tuni. Auta, in iyayen nan suka ji mai shan maganin ƙwaƙwalwa ce ke riƙe musu 'ya'ya, kin san rufe wurin nan zan yi? Ko ki bar shi, ko ki bar nan. Ai komai ƙarfin zuciya ne. Ni da kike gani, ruwan ɗumi da tunani mai kyau, shi ke nan."

Auta ta ce to. A ranta ta ce rabi da babu ai maƙwabta ne. Ta jefa kwalin a shara, ba ta gaya wa likita ba.

Kwanakin farko lafiya lau, har ta fara ganin ko ruwan ɗumin yana da gaskiya. Sai tashin zuciya. Sai mafarkai masu kala. Sai kuka a kan cokali da ya faɗi. Yanzu kuma wannan jan wutar, da ta juya ido da sauri sai zit, ƙasa ta goce.

Ƙofa ta buɗe, ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Darakta ce, da lasifika a hannu ɗaya, da leda a ɗayan.

"Jami'ai, iyaye sun zauna. Da kun ji kiɗa, kowace ta ɗauki ɗalibinta, ku sauko a jere, kai a sama, murmushi har kunne. Auta, ke ce a gaba da shi." Ta nuna Buhu da lasifika. "Mamansa ta zo da mai ɗaukar bidiyo na musamman. Ga takalmanku."

Ta zazzage ledar. Takalma masu tsini, ruwan zinare, iri ɗaya.

Rediyo ta ɗaga guda tana dubawa. "Darakta, wannan na tafiya ne ko na huda kankana?"

"Na wayewa ne."

Auta ta matsa kusa da ita. "Darakta, da a ce wata ta sauko da shi. Ni sai in tsaya a sama ina miƙo su."

"Wata wa? Rediyo 'yan biyu ne a hannunta, sauran ba ya yarda da su, kin sani. Ko so kike ya bayyana ra'ayinsa a gaban bidiyo?" Ta matso, ta rage murya. "Me ya samu fuskarki? Kar dai ki ce min kin koma kan abin nan."

"Ban koma ba."

"Yawwa. Kin ga yadda kika yi fes."

Da ta fita, Auta ta shige banɗaki ta murza makulli. Sai da ta danna lambar wata mai ɗinki kafin ta samu ta likita. Wayar ta yi ta ƙara. Har za ta kashe aka ɗauka.

"Likita, ni ce. Ina jin ciwon ya dawo. Ko kuma wani sabo ne, kaina ke jan wuta."

Likita ta yi mata tambayoyi. Auta ta yi ta kewaye-kewaye, har dai ta faɗa.

"Gaba ɗaya kika daina? Daga rabi? Wa ya ce miki?" in ji likita. "To saurara. Ga dukkan alamu ba ciwon ne ya dawo ba, jikinki ne ke cigiyar abin da ya saba. Ki zo yau in gan ki, mu koma inda muka tsaya mu bi a hankali. Kafin nan kada ki hau wani abu mai tsayi, kada ki ɗauki abin da ba ki so ya faɗi. Kina ina yanzu?"

A ƙasa kiɗa ya tashi, irin na goge da turawa ke saurara suna lumshe ido.

"Zan zo, likita," in ji Auta, ta kashe.

Rediyo na bubbuga ƙofa. "Fito mana, uwar ɗalibai! Ko sai an yaye ki ke ma?"

Ta sa takalman. Ta ɗauki Buhu, ya zauna daram a ƙugunta, ɗumi, nauyi, yana warin madara. Ya kama wuyan rigarta kamar yadda ya saba. A ranta ta ce matakalar ba ta da yawa, za ta riƙe ƙarfen gefe da hannu ɗaya, ta kafa ido wuri guda, ba za ta waiwaya ba.

Ta iso bakin bene. Babu ƙarfen gefe. Wato yana nan, amma Darakta ta sa an naɗe shi da balan-balan tun daga sama har ƙasa, fari da ruwan zinare, ko yatsa ba shi da wurin shiga.

A ƙasa iyaye sun cika kujeru, kowa ya ɗaga waya. Ga uwar Buhu a layin gaba da gilashi a saman kai, ga mai bidiyonta ya durƙusa kamar mai harbin tsuntsu.

"Ga zakaranmu na bana!" in ji Darakta ta lasifika. "A tafa masa!"

Auta ta sauke ƙafa ɗaya. Ta sauke ta biyu. Buhu ya ji tafi, ya yi tsalle a hannunta, ya wafto balan-balan. Fau! Ta juya ido kafin ta tuna.

Zit.

Matakalar ta karkace. Fuskokin ƙasa suka zame gefe guda kamar ruwa a tire. Ta ji tsinin takalmin ya goce, ta ji nauyin yaron yana jan ta gaba. Ba ta yi tunani ba. Ta ƙanƙame shi da hannu biyu ta zube da baya, ta zauna daɓas.

Takalmin dama ya fita daga ƙafarta. Ya gangara, ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana dukan bakin kowace matakala, ya juya a iska, ya faɗi a kan simintin gindin benen, inda ciyawar ba ta kai ba, ya kwanta a gefensa. Auta ta bi shi da ido har ya daina motsi. Hannunta na kan ƙeyar Buhu, tana jin laushinta.

Tafi ya tsaya. Goge kaɗai ke kuka.

"Tashi," in ji Rediyo daga bayanta, ƙasa-ƙasa. "Don Allah tashi, suna kallo."

Darakta ma ido take mata, irin idon da ke cewa za mu haɗu a gida. Auta ta san in ta miƙe yanzu ta ƙarasa a tsaye, za a ce tuntuɓe ne, gobe ta zo aiki. Ta kuma san jan wutar ba ya sallama kafin ya shigo.

Ta tuɓe ɗaya takalmin ta ajiye. Ta ɗora Buhu a cinya, ta zagaye shi da hannu, ta ja jiki ta sauka matakala guda a zaune. Dum. Buhu ya ƙyalƙyale da dariya. Ta sake. Dum. Ya ƙara, har da dukan ƙirjinta, hular karatu ta rufe masa ido ɗaya.

Lasifika ta yi tari.

"Iyaye masu daraja," in ji Darakta, "abin da kuke gani sabon tsari ne. Ƙasashen da suka ci gaba duk haka ake yi yanzu. Bincike ya nuna yana ƙarfafa ƙashin bayan ɗalibi, yana koya masa tawali'u. Mu ne na farko da muka kawo shi."

Wani uba ya gyaɗa kai, alamar shi ma ya taɓa karantawa. Aka soma tafi.

"Yau na ga ta kaina," in ji Rediyo. Ta zauna da 'yan biyunta, ta biyo baya. Sauran jami'an haɓaka basira suka bi sahu, dum, dum, cikin takalman zinare.

A ƙasa Auta ta miƙa Buhu ga uwarsa tun tana zaune. Sai da ta ga ya shiga hannun matar sosai, sannan ta saki.

Darakta ta ja ta bayan allon hotuna, murmushi a fuska, haƙora a haɗe.

"Wane irin wulaƙanci ne wannan?"

"Maganin ne. Na daina, kamar yadda kika ce. Shi ya sa." Auta ta jingina da bango. "Yanzu asibiti zan tafi. Komawa kansa zan yi, sai ranar da likita ta ce."

"Kin tuna abin da na gaya miki?"

"Na tuna. Kin ga yadda takalmin nan ya sauko?"

Darakta ta waiwaya ta dubi benen, ta dubi simintin. Karon farko tun safe fuskarta ta zama tata.

Sai ga uwar Buhu ta leƙo. "Darakta, wannan jami'ar taku ta burge ni. Daga yau ita nake so ta riƙa sauko min da shi, da wannan tsarin. Ko za ta zo gida ta koya wa mai aikina?"

"Ai ƙwararriyarmu ce," in ji Darakta, murmushin ya dawo wurinsa. "Za mu duba jadawalinta."

Matar ta wuce. Darakta ta sunkuya ta ɗauko takalmin da ya faɗo, tana jujjuya shi.

"Ki kira Yayanki ya kai ki, kar ki hau motar haya a haka." Ta sake rage murya. "In kin karɓo ƙwayoyin, ki juye su a kwalbar bitamin. Kuma ki bi ta ƙofar baya."

"Ta baya akwai matakala," in ji Auta.

Ta ratsa tsakiyar iyaye ba takalmi, tana dafa kujera bayan kujera, har bakin ƙofa. A can ta zauna a kan dakali ta fito da waya. Daga ciki ta ji an kira dogon sunan Buhu ya zo ya karɓi satifiket, ta ji ya fara bayyana ra'ayinsa.