Kasarun Kawu

Kawun mijina ya sauka a gidanmu da jaka ɗaya, wai kwana biyu zai yi. Har jakar ta yi ƙura a saman kabad, ya mallake doguwar kujera da rimot, amma azahar da la'asar raka'a bibbiyu yake yi, ya haɗe su lokaci guda.

Mijina ya yi ta maza ya ce, "Kawu, har yanzu kasaru?"

"Ai ban yi niyyar zama ba, ɗana. Kullum cewa nake gobe zan tafi. Matafiyi ne ni."

Ranar da rana na ajiye masa rabin faranti. Ya leƙa abincin, ya dube ni.

Na ce, "Kawu, na matafiyi ne. Na rage rabi, kuma na haɗa maka da na dare."

Ya cinye ɗan abincin, na ce a raina gobe sai tafiya. Don murna har na sauko da jakarsa na goge.

Washegari da azahar ya shimfiɗa darduma a tsakiyar falo, ya cika raka'a huɗu a natse. Yana sallamewa ya juyo gare ni.

"'Yata, na yi niyyar zama. A cika farantin."